Kwando Biyu a Ɗakin Sanyi

Shekarar da aka ƙara yawan jihohi aka mayar da mahaifina wani gari mai nisa. Ya kwashi iyali duka suka tafi, aka bar ni a Kaduna saboda aikina. Ina da shekara ashirin da ɗaya. Aka damƙa ni a hannun gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aikin jinya a asibiti, tana zaune a wani ɗan gidan gwamnati a Unguwar Rimi. Mijinta ya rasu, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Mace ce mai kirki, sai dai ba mai magana ba ce, ga aikinta na karɓa-karɓa. Sai mu yi kwana uku ban ga fuskarta ba, sai dai in tarar da tuwo a rufe, ko fararen takalmanta a bakin ƙofa. Na fito daga gidan da mutum goma sha ɗaya ke cin abinci lokaci guda, na koma inda nake jin ƙarar cokalina a cikin kwano.

Aikin da ya riƙe ni huda kati ne, a wani ofishin gwamnati da ke tara lissafin ruwan sama na garuruwan Arewa. Duk garin da ke da ma'aunin ruwa akwai mai rubuta abin da ya sauka kullum a rajista, ƙarshen wata ya aiko mana. Mu takwas ne a ɗakin huda, duk mata, kowa da injinta mai kama da tafireta. Kina duban takarda kina buga lambobi, injin yana huda ƙananan ramuka a jikin kati, katin nan kuwa shi kwamfuta ke iya karantawa. Idan duk mun duƙufa, ɗakin kan yi kamar ana ruwan ƙanƙara a kan rufin kwano. Ƙarfe goma sha ɗaya mu fita gindin mangwaro, kowa ta buɗe abin da ta zo da shi, mai alale, mai ɗanwake, mai faten acca, a haɗa a ci. A gindin mangwaron nan kaɗai nake dariya a lokacin.

Mutum ɗaya ne ke rubuta wa kwamfutar umarni. Dattijo nake ganinsa, ko da yake yanzu na san bai fi arba'in da biyar ba. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya koyo aikin a Ingila, yana zaune a Badarawa da iyalinsa, yana zuwa a kan tsohuwar basfa. Oga muke ce masa. Da safe yana koyarwa a wata makarantar horar da ma'aikata, sai uku da rabi yake isowa, daidai lokacin da muke tashi. Saboda haka da yawanmu ba mu san ko muryarsa ba.

Wata rana aka ba ni takardar wani gari, na ga an rubuta ruwan kwana talatin da ɗaya a watan da kwanansa talatin ne. Na ƙi hudawa, na maƙala 'yar takarda na rubuta dalili. Kashegari muna haɗa jakunkuna sai ga Oga a ƙofar ɗakinmu da takardar a hannu.

"Wace ce ta ƙi huda wannan?"

Na matso gaba. Na ce, "Ni ce, Oga."

"Watanni nawa kina aikin nan?"

"Goma sha huɗu."

"Shekara shida ana hudo min irin wannan, ba wanda ya taɓa tsayawa." Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin yi lissafi a makaranta?"

Na ce na yi, kuma shi na fi so. Ya juya ya tafi da takardar. Bayan mako biyu shugaban sashenmu ya kira ni ya ce an mayar da ni ɗakin kwamfuta, zan riƙa kula da ita da safe, Oga kuma zai koya mini rubuta furogiram. A lokacin ba mu san kalmar manhaja ba, furogiram muke cewa.

Ɗakin yana ƙarshen baranda, ba shi da taga ko ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki biyu ke aiki ba tsayawa, don kwamfutar ba ta son zafi. Sai an cire takalmi ake shiga. A ciki akwai ita kanta ƙwaƙwalwar, ƙatuwa kamar kabad uku a jere, da ƙananan fitilu a gabanta. Gefe guda ga injin da ke karanta kati, ɗaya gefen ga firinta mai buga sakamako a kan doguwar takarda mai ninkuwa. Kujera ɗaya ce, tebur ɗaya. Ranar farko na shiga da mayafi mara nauyi, kafin azahar haƙorana na haɗuwa.

Ban yi zaton zan rasa gindin mangwaro ba, amma na rasa shi. Ba a barin kwamfuta ita kaɗai tana aiki, kuma sau da yawa ƙarfe goma sha ɗaya kan same ni a tsakiyar aiki. Ranar da na samu na fita, na tarar sun gama ci suna wanke hannu. Wata ta ce, "A'a, manyan ƙasa, yau an tuna da talakawa?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma hirarsu ta riga ta yi gaba ba da ni ba. Ana maganar bikin wata, ban san ma an sa rana ba. Daga baya na daina fita, na riƙa cin abincina a kan benci a bakin ƙofar ɗakin sanyi, kunnena na ciki.

Koyarwar Oga kuwa duk a rubuce take. Ni ina fita in kama motar ma'aikata, shi yana kafe basfarsa. Mu gaisa a baranda, shi ke nan. Abin da na rubuta sai in bar masa a kan tebur, da safe in tarar ya bi shi da jan biro, ya bar 'yar wasiƙa a gefe. Kullum da "Malama" yake farawa. Hausarsa ta mutanen kudu ce, a rubuce ma ana jin ta. Da ya ji ina tari a baranda, kashegari na tarar da ƙullin busasshiyar citta a cikin aljihun tebur, da rubutu: "Ta garinmu ce. Ki riƙa taunawa. Ɗakin nan ya taɓa kwantar da ni."

Babban aikina na farko shi ne juya tsofaffin rajistoci. An rubuta su da inci, gwamnati kuma ta koma milimita, ana so a juya su duka a buga gari-gari. Akwatunan kati sun cika bango guda. Na rubuta furogiram ɗin yadda hankali zai ba kowa: karanta kati, jira ya shigo, yi lissafi, aika wa firinta, jira ta buga, koma ka karanta na gaba. Ya yi aiki, ba kuskure ko ɗaya. Sai dai akwati guda kan cinye mini safiya sukutum. Na ƙirga akwatunan da ke bango, na ga damina za ta wuce ban gama ba.

Na bar wa Oga sakamakon ina jiran yabo. Abin da na tarar da safe shi ne: "Malama, ya yi daidai. Yau idan kin kunna shi, ki ja kujera ki zauna gaban fitilar da ke can ƙarshen hagu, ki kalle ta minti goma. Ki rubuta mini abin da kika gani."

Na zauna na kalla. Fitilar a kunne take kusan koyaushe. Takan ɗan ƙifta, kamar mai jin barci, ta sake kamawa. Na rubuta masa haka, na ƙara da cewa ina ganin alama ce ta na'urar tana aiki sosai.

Amsarsa ta cika shafi biyu, ita ce wasiƙa mafi tsawo da ya taɓa bar mini. Ya ce fitilar nan ta jira ce. Duk lokacin da take kunne, ƙwaƙwalwar zaune take ta naɗe hannu. Lissafin kati guda ba ya ɗaukar ta ko ƙiftawar ido, amma injin kati da firinta ƙarfe ne da ke motsi, a wurinta tafiyar hawainiya suke yi. "Kin aiki mutum kasuwa," in ji shi, "sai kika tsaya a bakin ƙofa kina kallon hanya har ya dawo. Da ya dawo kika aiki wani, kika sake tsayawa. Ba haka uwar gida ke yi ba. Takan yi aike ta koma kan aikinta. In ɗan aike ya dawo zai yi sallama, ta ji."

Ya nuna mini cewa injin kati da firinta duk suna iya yin sallamar nan, wato su aiko wa ƙwaƙwalwar alama cewa sun gama abin da aka sa su. Sai dai akwai sharaɗi. A cikin ƙwaƙwalwar akwai ɗan wurin da ake zuba abin da aka karanto daga kati, shi yana kiransa kwando. In kwando ɗaya ne, ba yadda za a yi a riƙa zuba sabo alhali ana aiki da na ciki. Don haka sai a yi biyu: injin kati yana cika na dama, ƙwaƙwalwa tana aiki da na hagu, in an yi sallama a musanya. Haka ma a wajen firinta.

Mako biyu na yi ina fama. Nakan rubuta a ofis, in rubuta a mota a kan cinyata, in rubuta a gida bayan la'asar a kan tabarma. Ranar da sabon furogiram ɗin ya tashi, na san ya tashi tun kafin in duba agogo, don sautin ɗakin ya canja. Da can injin kati zai yi tak, ya yi shiru, firinta ta yi rugum, ta yi shiru. Yanzu su biyun suna tafiya tare ba mai sauraron wani. Akwatin da ke cin safiya ya ƙare kafin ƙarfe goma. Na miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki, na juya kamar zan gaya wa wani. Ba kowa. Na leƙa baranda, ba kowa sai tsohon mai gadi yana gyangyaɗi. Na koma na ɗauko akwati na biyu.

Ranar na yi sa'a gwaggo tana gida, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ban saba kawo mata zancen ofis ba, amma abin ya cika mini ciki. Na zauna kusa da ita na fara bayani, ina yi ina jin kunyar yadda nake kwaɓa shi. Ba ta ɗago kai ba har na gama.

Sai ta ce, "Wannan ai shi ne aikinmu. Gado ashirin, ni kaɗai. In na sa wa wannan ma'aunin zafi a baki, tsayawa zan yi ina kallonsa? Sai in wuce in duba ruwan da ake ƙara wa na gaba, in dawo in cire."

Na ce, "Gwaggo, wallahi shi ke nan. Abin da na yi mako biyu ina nema ke nan."

"To, da kin tambaye ni." Ta ɗan murmusa. "Amma ki kula. Ranar da kika manta wa kika sa wa me, ranar za ki gane kurenki."

Muka yi hira har aka kira magariba. Tun zuwana gidan ba mu taɓa yin doguwar magana irin wannan ba. Kashegari aka canja mata lokacin aiki, muka koma yadda muke.

Maganarta kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Bayan kwana huɗu, wajen ƙarfe uku, aka turo ƙofar ɗakin sanyi, sai ga Oga da safa a ƙafa, ya zo da wuri. Ya shimfiɗa takardar da na buga jiya a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Malama, kin san garin nan?"

"Na san sunansa, Oga."

"Garinmu ne. Dubi abin da kika ba mu a tsakiyar damina. In da haka ruwanmu yake, da ko ciyawa ba ta fito ba. Wannan ruwan mutanen can bakin iyaka ne, wajen Nguru."

Na duba. Sunan garin daidai ne, farkon layin daidai ne, amma ƙarshensa lambobin wani gari ne dabam. Ba a kowane shafi ba, jefi-jefi, inda gari ya ƙare wani ya fara. Muka baza furogiram ɗin, yana tsaye ina zaune, muna bi layi-layi. Bai nuna mini ba, ya bar ni har na gani da kaina. A wuri guda na manta ban sa ƙwaƙwalwar ta saurari sallamar firinta ba. Sai ta riƙa zuba sabon layi a kwandon da firinta ba ta gama kwashewa ba, rabin tsoho rabin sabo ya fita.

Ya ce, "Kin gani? Ba cewa aka yi kada a yi jira sam ba. Jira yana nan. Abin da ake so, kada ki jira tun ba ki bukaci abin ba. Amma in kin zo sa hannu a kwando, dole ki tabbata mai shi ya gama."

Na ce, "Oga, akwati tara na buga da shi."

"An fitar da su daga ofis?"

"A'a, suna nan a kabad."

"To, ba abin da ya faru. Ki sake bugawa." Ya naɗe takardar ya jefa a kwandon shara. "Irin wannan kuskuren mugu ne, don ba kullum yake fitowa ba. Ni ma ya taɓa cin mini wata guda. Je ki, mota za ta bar ki."

Ta riga ta bar ni. Na taka da ƙafa har Unguwar Rimi, hadari yana haɗuwa ta gabas, ina tafe ina maimaita layin da na manta. Bai taɓa gaya wa shugaban sashe ba. Wannan ita ce rana ɗaya tak da muka yi aiki tare a ɗaki guda, kuma ba ta kai awa ɗaya ba.

Shugaban sashenmu Bakatsine ne mai son a yaba wa ofishinsa. Da ya ji aikin juya rajista ya ƙare kafin lokaci, sai ya fara kawo baƙi ɗakin sanyi, ya sa su cire takalma, ya nuna musu injin kati da firinta suna rugugi tare, ya ce, "Kun gani, yanzu na'urarmu aiki biyu take yi a lokaci guda." Na ba Oga labari a wasiƙa. Ya amsa da gajeren rubutu: "Ƙwaƙwalwa ɗaya ce, abu ɗaya take yi a lokaci ɗaya. Ta dai daina zaman banza. Manomi ɗaya da ya iya tsara aikinsa dabam, gayya dabam. Gayya sai da fartanya da yawa. Ɗakinku na huda, inda ake raba takardu kashi takwas, wannan shi ne gayya." A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, cewa an ba shi takardar canjin wurin aiki zuwa Ikko, ƙarshen wata zai tafi.

Na karanta layin nan sau uku. Na ninke takardar na sa a jaka, na kunna na'ura.

Ana saura kwana goma ya tafi, wasu injiniyoyi masu shirin gina madatsar ruwa suka kawo aiki. Suna so a ɗauki ruwan shekaru masu yawa na garuruwan da ke kewaye da wani kogi, a yi ta juya lissafi a kai don a san irin ambaliyar da za a iya samu. Katin ba su da yawa, akwati biyu ne kacal, amma kowane gari sai ƙwaƙwalwar ta daɗe tana niƙa. Shugaba ya riga ya yi musu alkawarin mako guda, don a ganinsa na'ura ta ninka sauri. Na gwada gari ɗaya, na auna lokaci, na ga ko da ni da Oga mun haɗa safiya da yamma sai mun yi kusan mako biyu. Fitilar jira kuwa ko sau ɗaya ba ta kama ba.

Ban taɓa shiga ofishin shugaba ba a kira ni ba. Na yi sallama, na tsaya a gaban tebur.

"Ranka ya daɗe, aikin injiniyoyin nan ba zai ƙare a mako guda ba."

"Kamar yaya? Ba ke kika gyara ta ba? Ki yi mata irin dabarar da kika yi wancan karon."

"Wancan karon jira ne ya yi mata yawa, ranka ya daɗe, shi muka rage. Wannan aikin ba jira a cikinsa. Tun da ta karɓi katin take lissafi, ba ta ɗaga kai ba. Ba inda za a rage."

Ya ajiye biro. "To, ni da nake gaya wa mutane tana aiki biyu?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Manomi ɗaya ne, ranka ya daɗe. Da yana ɓata lokaci a bakin hanya, yanzu ya daina. Amma in gona ta yi faɗi, komai himmarsa fartanya ɗaya ce a hannunsa. Sai dai a yi gayya."

Ya sake ɗaukar biron yana jujjuya shi a hannu. Can ya ce, "Gonar tana rabuwa?"

"Tana rabuwa. Lissafin kowane gari zaman kansa yake. Sai a ƙarshe ne za a haɗa su, shi kuma dole sai kowa ya gama nasa."

"Ina za mu samo fartanya ta biyu?"

Shi da kansa ya nemo ta. Ya yi ta buga waya har kwana biyu. A ƙarshe aka samu wata makaranta a Zariya da ke da na'ura irin tamu, ɗalibai suna hutu, aka yarda a ba mu kwana huɗu. Aka shirya Oga ya bar koyarwa ya riƙe tamu safe da yamma da akwati ɗaya, ni in tafi da ɗayan. Gwaggo ta rubuta wa wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya a Tudun Wada, ta ce in sauka a wurinta.

Ranar Litinin direban ofis ya ɗauke ni. Muka bi ta Kawo muka kama hanyar Zariya ana yayyafi. Na ƙi yarda a sa akwatin a bayan mota, na rungume shi a cinya na lulluɓe da mayafi, don in kati ya ji danshi injin ba ya karɓarsa. Ɗakin nasu ya fi namu girma, sanyin dai iri ɗaya. Mai kula da shi ya nuna mini makunni, ya ce in na gama in ja ƙofa, ya tafi abinsa. Kwana huɗu ina zaune ina kallon fitilu. Aikin ba ya bukatar hannuna sai can ba a rasa ba. Nakan duba agogo in ce yanzu Oga ya kai gari na kaza. Ba waya a ɗakin, ba yadda zan san ko nasa na tafiya, shi ma bai san nawa ba. Ƙawar gwaggo tana da yara biyar, gidan cike da hayaniya, aka yi mini karɓa ta mutunci. Amma ni baƙuwa ce, da an ci abinci sai in rasa abin cewa.

Ranar Alhamis da la'asar na gama, direba bai zo ba sai safiyar Juma'a. Ina isa ofis na wuce ɗakin sanyi kai tsaye. An kashe na'ura, an share tebur. A kai ga sakamakon Oga, an ɗaure da igiya, ga katin da aka huda sakamakon a jiki, wanda za a haɗa da nawa, a jere cikin akwati. Wasiƙar da ke sama gajera ce: "Malama, nawa ya ƙare Laraba da yamma. Na jira ki yau Alhamis har azahar, jirgin ƙasa ba ya jira. Ki sa nawa a gaba, naki a baya. Makullin kabad yana wurin mai gadi. Allah ya taimake ki."

Na zauna a kujerar na sake karanta ta. Sannan na kunna na'ura, na jera katinsa a gaba, nawa a baya, na danna. Haɗawar ba ta ɗauki minti ashirin ba. Na yage takardar, na duba ta sau biyu, na kai wa shugaba kafin a tafi masallaci. Ya juya shafukan, ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ya sa hannu, ya kira masinja ya kai wa injiniyoyi.

Wata bakwai na yi ni kaɗai a ɗakin kafin a kawo wanda zai maye gurbin Oga. Da safe nakan buɗe ƙofa in tarar da tebur yadda na bar shi jiya. In na yi kuskure, ni zan gano shi ko kuwa ya tafi a haka. Na koyi bin aikina da jan biro da kaina, in bar shi ya kwana, in dawo in karanta kamar na wani.

Na rubuta masa wasiƙa ta adireshin sabon ofishinsa, na gaya masa aikin ya haɗu lafiya, na yi masa godiyar da ban samu na yi da baki ba. Sai bayan wata huɗu amsa ta zo, a bayan wata yagaggiyar takardar firinta. Ya ce na'urar can ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, amma an ba shi ofis da tebur, aikinsa sa hannu a takardu, ba a barinsa ya taɓa ta. Ya ce iyalinsa suna Badarawa har yanzu, bai samu gidan da zai kawo su ba. Ya ce in gaishe da mai gadi.

Na amsa masa a makon. Na sake rubutawa bayan Sallah. Ban ƙara samun amsa ba, kuma duk wanda na tambaya daga baya bai san inda aka mayar da shi ba.